Dariya a inda ake zubar da jini: fashin baƙi kan labaran ɗan jarida a tsakiyar rikicin siyasa

Wai shin ya dace a ɗauki labarin ɗan jaridar da rikicin siyasa ya rutsa da shi, an kama shi an doke shi ko ma an kashe shi, a mayar da shi littafi ko fim ɗin da mutum zai riƙa kallo gabansa na faɗuwa amma kuma yana tuntsirewa da dariya? Wannan gardamar ba ta mutuwa. Duk sanda maganar irin wannan aikin ta taso sai ka ga mutane sun rabu gida biyu a soshiyal midiya, wasu na cewa rashin imani ne da rashin sanin darajar rai, wasu kuma na cewa haba ai nishaɗi ne kawai me ya yi zafi. Ni a ganina duka biyun sun kauce wa maganar, domin abin ba nishaɗi kawai ba ne, kuma ba lallai ya zama rashin imani ba. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne wa ake yi wa dariyar, kuma wa ya fara kawo abin dariyar cikin maganar tun farko.

Wane irin labari ake nufi

Abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya. Na farko labari ne na fargaba, irin wanda ake bin jarumin ana farautarsa, yana da wani sirri a hannu, kaset ko hoto ko takarda, masu iko suna so su ƙwace kafin ya buga, kai kuma mai karatu ba ka da sukuni sai ka ga ƙarshe. Na biyu shi ne barkwanci mai ɗaci, wato a ba ka dariya a kan abin da asalinsa na kuka ne, mutuwa, kurkuku, azabtarwa, tsoro. Ba irin barkwancin a zame a faɗi a kwata ba ne ko a saka wa mutum ƙaton wando. Dariya ce ta takaici, wadda marubutanmu na littattafan Hausa suka daɗe suna kira murmushin da ya fi kuka ciwo.

Idan aka haɗa su sai ka samu labarin da jarumin ba wani gwarzo ba ne. Yawanci matsoraci ne, albashinsa ya yi wata da watanni bai fito ba, yana karɓar kuɗin mota a wajen taron 'yan siyasa kamar kowa, kuma sau da yawa ba jarumta ce ta kai shi ga babban labarin ba, tsautsayi ne, ya je ɗaukar rahoton bikin buɗe rijiyar burtsatse sai kyamararsa ta ɗauko abin da bai kamata a gani ba. Daga nan rayuwarsa ta rikice.

Me ya sa kullum ɗan jarida

Saboda shi ne mutumin da aikinsa ya tilasta masa shiga ko'ina. Da safe yana gidan gwamnati an ba shi lemo, da rana yana wajen gangamin 'yan adawa, da yamma yana asibiti yana ƙirga waɗanda 'yan daba suka sara, da dare kuma edita na kiransa a waya yana cewa a rage adadin saboda gwamnati ce ke ba su talla. Ba shi da bindiga, ba shi da ofis mai 'yan sanda a ƙofa, kuma kowane ɓangare kallon ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren yake masa. Ga marubuci wannan mutum taska ne, don ta idonsa za ka nuna fada da kasuwa da ofishin 'yan sanda a labari ɗaya ba tare da ka yi wani dogon ƙulli ba.

Sannan shi kansa ba wankakke ba ne, kuma wannan ne ke buɗe ƙofar dariyar. Mutumin da ya karɓi ambulan jiya shi ne yau gaskiya ta faɗo a hannunsa ba shiri.

Ainihin inda dariyar take fitowa

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne aka fi yi wa abin gurguwar fahimta. Mutane suna ɗauka marubuci ne ke zama ya ƙirƙiro abin dariya ya liƙa a jikin masifa. Gaskiyar magana masu iko ne suke fara ƙirƙiro shi, a cikin dalilan da suke bayarwa da sanarwar da suke fitarwa bayan sun yi ta'asa, marubuci kwafa kawai yake yi.

Ɗauki abin da ya faru a Fatakwal a 1973. Minere Amakiri wakilin jaridar Nigerian Observer ne, ya rubuta labarin koken malaman makaranta na jihar Ribas, sai aka yi rashin sa'a labarin ya fito ranar zagayowar haihuwar gwamnan soja na lokacin, Alfred Diete-Spiff. Aka kama shi, aka aske masa kai, aka zane shi bulala 24. Ba wai an ce ya yi ƙarya ba ne fa, laifin shi ne ranar da labarin ya fito. Ya kai ƙara kotu ya kuma ci, aka ba shi diyyar naira 10,000. To yanzu don Allah idan marubuci ya saka wannan a littafi, gwamna ya fusata an ɓata masa ranar biki da maganar albashin malamai har an aske wa ɗan jarida kai, wa zai ce ba ƙari ya yi ba? Za ka yi dariya, amma ba Amakiri kake wa dariya ba, girman kan da ya kai mutum ga haka kake wa.

Ko Dokar Soja mai lamba 4 ta 1984, zamanin Janar Buhari na farko. Dokar ta tanadi hukunci a kan buga abin da zai kunyata jami'in gwamnati ko ya zubar masa da mutunci, kuma a yadda aka yi aiki da ita kasancewar labarin gaskiya ba ya ceton ka. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya ɗaya, a kan rahoton da ya shafi naɗin jakadu. Ba bam suka dasa ba, ba juyin mulki suka shirya ba, sunayen waɗanda ake shirin turawa ofisoshin jakadanci ne.

A 1995 kuma, zamanin Abacha, kotun soja ta sirri ta yanke wa 'yan jarida huɗu hukunci, Kunle Ajibade da Chris Anyanwu da George Mbah da Ben Charles-Obi, bisa cewa suna da hannu bayan aukuwar yunƙurin juyin mulkin da har yau mutane da yawa ke cewa ba a ma yi shi ba. Abin da suka yi shi ne mujallunsu sun buga labarai a kan kamen da shari'ar. Suna ciki har Abacha ya rasu a 1998 sannan gwamnatin Abdulsalami ta sake su.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna. Mutumin nan ya ɓace a zamanin Abacha, iyalinsa da abokan aikinsa suna ta nema ba labari. Sai a 1998, bayan sama da shekara biyu, 'yan sanda suka fito suka ce ai shi ne mutumin da bam ya tashi da shi a otal ɗin Durbar na Kaduna a watan Janairun 1996, wai shi ne ma ya je dasa bam ɗin. Wato ɗan jaridar da ake nema an mayar da shi ɗan ta'adda, an kuma rufe fayil. Iyalinsa da abokan aikinsa ba su taɓa yarda da wannan bayani ba. Ka duba tsarin abin da kyau, a ce an san ko wane ne tun tuni amma aka yi shiru shekara biyu ana kallon matarsa na yawon nema. Babu abin dariya a mutuwar Kaltho ko kaɗan, wallahi babu. Amma bayanin da aka bayar yana da irin rainin hankalin da in ka tsaya ka karanta shi a tsanake ba ka san sanda wani sauti mai kama da dariya zai kuɓuce maka ba, saboda an wuce inda hankali ke ɗauka.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Jamal Khashoggi, ɗan jarida ɗan ƙasar Saudiyya, ya shiga ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Istanbul ranar 2 ga Oktoba 2018 don karɓar takardun da zai yi aure da su, bai fito ba. Da farko aka ce ya fita da ƙafarsa. Bayan sama da mako biyu aka ce a'a faɗa ne ya kaure a ciki ya mutu a wajen dambe. Daga baya aka amince kisa ne da aka shirya. A tsakanin nan hotunan kyamarar tsaro suka fito suna nuna wani mutum sanye da kayan marigayin ya fita ta ƙofar baya yana yawo a gari don a ce ga shi nan ya fita, sai dai takalmin da ke ƙafarsa ba na marigayin ba ne. Wannan takalmin shi ne irin abin da marubucin barkwanci mai ɗaci yake nema, domin yana nuna maka abu biyu lokaci guda, mugunta iya mugunta da kuma sakarci, a jikin mutane ɗaya.

Abin da masu iko suka fi so shi ne a ɗauke su a matsayin masu ban tsoro da suka san komai. Labarin kuka zalla, ko da yana zaginsu, yana ƙara musu wannan kwarjinin, ka gama karantawa ka ce Allah ya kiyaye mu da mutanen nan, ka ja bakinka ka yi shiru. Labarin da ya nuna su suna rawar jiki suna ƙarya mara kai, suna manta canja takalmi, shi ne ke sauke su ƙasa su dawo mutane irin kowa, waɗanda ake iya tuhuma.

Littattafai biyu daga gida

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Helon Habila ɗan Kaltungo ne a jihar Gombe, ya yi aikin jarida a Legas, kuma labarinsa da ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001 shi ne ya zama babin farko na littafinsa Waiting for an Angel da ya fito a 2002. Jarumin, Lomba, ɗan jarida ne da ke tsare a kurkuku zamanin Abacha ba tare da shari'a ba. Yana rubutu a ɓoye, aka kama shi da takardu da fensir, aka yi masa duka aka jefa shi ɗakin kaɗaici. Sai shugaban gidan yarin ya karanta waƙoƙin da ke cikin takardun ya ga ai ga dama ta samu, yana neman wata malamar makaranta da aure kuma shi ba ya iya tsara kalamai, saboda haka ya mayar da fursunan mai rubuta masa waƙoƙin soyayya, yana kai wa matar a matsayin nasa. Lomba kuma ya riƙa cusa baitocin tsofaffin mawaƙa da saƙon neman ceto a ciki, da fatan matar mai ilimi ce za ta gane ba wannan mutumin ne ke rubutawa ba. Ta kuma gane.

Duba yadda abin yake aiki. Kana dariyar ƙaton jami'i mai kaki yana fama da kalaman soyayya na aro, amma ba ka taɓa mantawa cewa mai rubuta masa kalaman an ƙwace masa komai ba, ko ranar fita bai sani ba. Dariyar ba ta rage nauyin kurkukun ba ko kaɗan, ita ce ma ta sa ka ga yadda mai tsaron yake ɗaukar kansa mutumin kirki don ya ba fursuna sigari da takarda.

Na biyu shi ne Anthills of the Savannah na Chinua Achebe, 1987. Ƙasar ƙirƙira ce mai suna Kangan, soja ke mulki, Ikem Osodi kuma editan jaridar gwamnati ne kuma tsohon abokin makarantar shugaban ƙasan. Bayan an dakatar da shi daga aiki ya je jami'a ya yi lacca, aka tambaye shi batun saka hoton kan shugaba a jikin kuɗi, ya ba da amsa cikin raha cewa mai yin haka kamar yana gayyatar mutane su cire kan ne. Washegari jaridar da ya bari ta buga a babban kanu cewa tsohon edita na kiran a kashe shugaba. Aka zo da dare aka ɗauke shi, sai sanarwa ta fito cewa ya samu rauni ya mutu a wajen kokawa da jami'an da suka kama shi. Littafin ya fito shekara ɗaya bayan kashe Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, kuma duk wanda ya karanta sanarwar nan ya san ya taɓa jin irinta a rediyo.

Hujjar masu cewa bai dace ba

Ba zan raina su ba don suna da magana mai ƙarfi, kuma wasu daga cikin hujjojinsu ni ma ina tare da su.

Ta farko ita ce ta addini da tarbiyya. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma mun tashi an koya mana cewa mamaci ba a ambatonsa sai da alheri. Duk fim ɗin da zai mayar da gawar mutum ko kukan matarsa abin wasa ya faɗa cikin wannan hanin kai tsaye, babu wata fasaha da za ta wanke shi.

Ta biyu ita ce yawancin raunukan nan ba su warke ba. An kashe Dele Giwa, babban editan Newswatch, ranar Lahadi 19 ga Oktoba 1986 da bam ɗin da aka aiko masa cikin ƙunshin saƙo har gidansa a Ikeja yana karin kumallo, kwana biyu bayan jami'an tsaro sun yi masa tambayoyi. Lauya Gani Fawehinmi ya yi ta fama a kotu, kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya saurari maganar, gwamnatin Babangida ta musanta hannu a ciki, kuma har yau babu wanda kotu ta hukunta. Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels an harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairu 2012 yana ƙoƙarin ɗaukar rahoton hare-haren da suka ci aƙalla mutum 185 a rana ɗaya. Zakariyya Isa na NTA an harbe shi a Maiduguri a watan Oktoban 2011. A Ghana an harbe Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Accra a Janairun 2019. Waɗannan mutane suna da iyaye da 'ya'ya da ke raye suna riƙe da waya irin wadda kake riƙe da ita, duk abin da aka saka za su gani.

Kowa ya taɓa zama a gidan makoki ya san ana dariya a can. Rana ta uku an bazu a kan tabarma, sai ƙanin mamacin ya tuno yadda marigayin ya taɓa rigima da mai nama a kan canji, a yi dariya har wani ya share hawaye, a ce Allah ya jiƙansa. Ba wanda zai ce an yi laifi. Amma baƙon da bai san mamacin ba ya shigo ya buɗe baki da wannan labarin, kallon da za a yi masa kaɗai ya ishe shi. Haka abin yake a rubutu, wanda ya sha ɗaurin ko ya binne abokin aikinsa yana da izinin da ɗan kallo ba shi da shi.

Wannan ne ma matsalar shahararren littafin nan na Baturen Ingila Evelyn Waugh mai suna Scoop, 1938. Waugh ya je Habasha a 1935 a matsayin wakilin Daily Mail lokacin da Italiya ke shirin mamaye ƙasar, ya dawo ya rubuta labarin wani mai rubutun tsuntsaye da tsirrai da aka tura ɗaukar rahoton yaƙi a wata ƙasar Afirka bisa kuskuren suna. Ya yi wa 'yan jaridar Landan tsirara yadda ya kamata, yadda suke ƙirƙirar labari daga ɗakin otal. Amma 'yan Afirkan da ke cikin littafin ba mutane ba ne, kayan wasa ne, alhali a zahiri sojojin Mussolini har iskar guba suka yi amfani da ita a kan Habashawa. Ya harbi inda ya dace da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya mari waɗanda aka riga aka kayar.

Ta uku ita ce mafi hatsari, dariya ma makami ce a hannun azzalumi. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da ya ingiza kisan ƙare dangi na 1994 ba da wa'azin ƙiyayya busasshe ya ja matasa ba, da kiɗa mai daɗi ne da raha da shaƙiyanci, ana kiran mutane kyankyasai ana dariya. Mu ma nan mun san yadda sojojin baka ke yi a rediyo da Facebook lokacin zaɓe, a laƙaba wa ɗan jarida suna a yi ta yi masa ba'a har ya zama ba shi da ƙima, ranar da 'yan jagaliya suka fasa masa kai kuma sai ka ji ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk wanda ya ce barkwanci kullum yana gefen mai rauni bai duba da kyau ba.

Inda na tsaya

Ni ina goyon bayan a rubuta irin waɗannan labaran, kuma ina so a rubuta su da Hausa. Sharaɗina shi ne dariyar ta hau sama, ta sauka a kan mai ba da umarni da mai rubuta sanarwar ƙarya da editan da ya sayar da yaronsa, har da shi ɗan jaridar a inda ya yi kwaɗayi, amma kar ta taɓa sauka a kan jinin da ya zuba. Kuma idan an zo wajen mutuwa a labarin a bar ta da nauyinta, a daina wasa. Achebe bai ba ka dariya a daren da aka ɗauke Ikem ba.

Kuma kar wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Fadar Hausa ta san wawan sarki, wanda ke faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Mun san 'yan kama da 'yan gambara, mun san zambo da habaici a bakin makaɗan fada, mun san tashe da azumi inda yara ke kwaikwayon manya a gaban idonsu, ga Gizo da ke zambatar sarki da zaki a tatsuniya. Abin da ba mu cika yi ba shi ne ɗaukar wannan gadon mu haɗa shi da labarin fargaba na zamani mai ɗan jarida da jami'an tsaro da akwatin zaɓe.

Me ya hana, kuma me ya shafi talaka

An ɗan taɓa. Shirin Kwana Casa'in na Arewa24 ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada da ɗan jarida Sahabi, mutane kuma suka rungume shi saboda kowa na ganin jiharsa a ciki. A ƙarshen 2019 hukumar tace finafinai ta Kano ta ba da umarnin a dakatar da nuna shi tare da Gidan Badamasi, bisa hujjar ba a kawo mata ta tace ba. Kafin nan a 2008 an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, babban ɗan barkwancin da Kannywood ta taɓa yi, a lokacin da hukumar ke tsananta wa 'yan fim. A Nuwamban 2022 kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Furodusan da ya ga wannan jerin, ga kuɗinsa da ya ranto, ba sai an ce masa komai ba, da kansa zai koma labarin kishiya da uwar miji.

To asarar wa aka yi? Ta mai kallo ce. Talakan da ba zai karanta rahoton bincike mai shafi 40 ba zai zauna ya kalli fim na awa biyu, matar da ke cikin gida za ta saurari littafi ana karantawa a rediyo ko a YouTube tana aiki. Idan labarin ya nuna musu yadda ake haɗa sanarwar ƙarya daga farko har ƙarshe, wa ya kira wa, wa ya canja kalma, wa aka ba ambulan ya buga, to ranar da suka ji an ce wani ya mutu yana ƙoƙarin guduwa daga hannun jami'ai kunnensu zai tsaya. Akwai kuma hatsarin da ke ɗaya gefen wanda dole a faɗa, idan aka cika nuna kowa ɓarawo ne, ɗan siyasa da ɗan jarida da alƙali duk jirgi ɗaya, sai mai kallo ya yanke ƙauna ya ce duk kanwar ja ce, ya daina bambanta wakilin da ya sayar da alƙalaminsa da wanda ya shiga wuta don ya kawo masa labari. Wannan yanke ƙaunar ba wanda take yi wa amfani sai mai mulki.

Ga kuma doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta aika saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya zama cin fuska, kalmomi masu faɗin da kowane barkwanci zai iya faɗawa ciki, kuma an yi ta kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a farkon 2024, amma ko wata uku ba a yi ba aka kama Daniel Ojukwu na kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ a Legas aka kai shi Abuja bisa zargin karya wannan dokar. A Nijar an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta intanet a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a Yunin 2024, bayan ta dakatar da RFI da France 24 tun Agustan 2023, sannan a Disamban 2024 ta dakatar da BBC na wata uku, abin da ya taɓa masu sauraron sashen Hausa kai tsaye daga Maraɗi har Damagaram. Marubucin da zai zauna yau a Kano ko Zinder ya rubuta irin labarin da muke magana dole ya ƙirƙiri jiha da gwamna da jam'iyyar da babu su a taswira, ya kuma nemi lauya ya karanta masa rubutun kafin ya kai wa mai buga littafi ko ya ɗora a YouTube.